Amsa: Shagona ba ya fitowa a Google

Hajiya, kin ce kina biyan talla a Facebook amma in an nemi turaren wuta a Google, shagonki na kasuwar Wuse ba ya fitowa. Ai hanyar jirgi daban, ta mota daban. Kuɗin Facebook ba ya motsa Google.

Ki buɗe Google Business Profile, wato shafin da ke nuna bayanan shago a binciken Google da taswirarsa, kyauta ne. Ki dasa alamar taswira daidai ƙofar shago. Tawa ta taɓa kai ɗan aike layin masu kifi, yana kira yana mita. Sa lambar waya, lokacin buɗewa, da hotunan kwalabenki na gaske.

Duk wadda ta saya, ki roƙe ta ta rubuta sharhi a shafin. Sharhin da aka saya da kuɗi kuwa, Google kan goge shi.