Tambaya da Amsa: Tallafi ya shigo gari, gayya ta mutu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, shekara bakwai ke nan. Kafin shirin tallafin al'umma ya zo mana, idan damina ta kawo kai, shela ɗaya mai unguwa zai sa a yi, matasa su fito da shebur da kwando su cike zaizayar hanyar kasuwa. Da shirin ya zo aka kafa kwamiti, aka buɗe asusu, aka haƙa mana rijiyar burtsatse mai sola, aka gina ajujuwa biyu. Mun gode Allah. Amma yau famfon ya kusa shekara a lalace, duk wanda ka ce ya kawo naira ɗari biyu sai ya ce a je a tambayi 'yan kwamiti. In an kira taro, tambayar farko ita ce ko akwai kuɗin zama. Ga wani sabon shiri yana tafe, kuma wani Alhaji ɗan garinmu da ke zaune a birni ya ce zai sake biya mana kason kashi 10 na kuɗin aiki da ake so al'umma ta kawo, kamar yadda ya yi wancan karon. An ce mana irin wannan shiri haɗin kai yake kawowa. To ina haɗin kan? Mu karɓa ko mu ƙi? Wallahi abin yana hana ni barci.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ku karɓi shirin. Kuɗin Alhajin ne ba za ku karɓa a yadda ya kawo shi ba.

Wanda ya ce muku shirin haɗin kai yake kawowa ya faɗi abin da ke rubuce a takardun shirin ne, amma gwaji bai goyi bayansa ba. A Saliyo, daga 2005 zuwa 2009, an gudanar da wani shiri mai suna GoBifo da tallafin Bankin Duniya. An ɗauki ƙauyuka 236 a gundumomin Bombali da Bonthe, aka yi ƙuri'a, rabi suka samu, rabi ba su samu ba. Kowane ƙauye da ya samu an ba shi kuɗi kusan dala dubu biyar, aka sa shi ya kafa kwamiti, aka wajabta sa mata da matasa cikin shugabanci. Gine-gine sun tsaya, kasuwanci ya ɗan motsa, kuɗin ma ba a yi awon gaba da su ba. Bayan an gama, masu bincike suka koma ƙauyukan duka da wata dabara: suka kawo kyauta, suka ce gari ya zaɓa tsakanin gishiri da batir, suka zauna suna ƙirga wa ya yi magana, mata nawa suka buɗe baki, wa ya yanke hukunci. Sun kuma bar wa kowane gari tamfol ɗaya don su ga yadda za a yi amfani da shi. Garin da ya sha shekaru yana taron kwamiti da garin da bai taɓa ganin shirin ba, halinsu ɗaya. A gabashin Kongo an yi irin wannan gwaji kan shirin Tuungane, aka damƙa wa ƙauyuka dala dubu ɗaya ba sharaɗi, sakamakon bai sauya ba. A Sudan an ga mutane sun ƙara shiga harkokin gari bayan irin wannan shiri, amma yarda da juna ba ta ƙaru ba.

Don haka ginin da kuka samu gaskiya ne, shi ne abin da shirin ya iya. Yarda da juna kuwa taku ce tun asali, ita shirin ya tarar ya hau kanta. Gayyar nan da kake ba ni labari, da adashen matanku, da yadda ake haɗa kuɗin likkafani ba a rubuta sunan kowa ba, su ne jarin. Shiri yana iya cin wannan jari ya bar gari da bulo. A yammacin Kenya an bi ƙungiyoyin mata 80, aka ba rabinsu horo da kayan noma. Abin da ya biyo baya shi ne masu boko da masu albashi, har da maza, suka fara kutsowa cikin ƙungiyoyin suna hawa shugabanci, tsofaffin matan da aka yi ƙungiyar dominsu suna zamewa. Ƙamshin kuɗi yana sauya masu zama a tabarmar gaba.

Yanzu ga abin da nake so ka saurara da kyau, domin kusan duk garin da na shiga sai na tarar da shi, kuma na gaji da ganinsa yana kashe ayyuka masu kyau: tunanin cewa kason kashi 10 kuɗin shiga ne, kamar kuɗin fom, wanda kowa zai iya biya a madadin gari a huta. Wannan kuskure ne babba. Tun a shirin CSDP na tallafa wa ci gaban al'umma a Najeriya, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 200 a 2008, tsarin shi ne hukuma ta kawo kashi 90, al'umma ta kawo kashi 10, da kuɗi ko da ƙarfi ko da kayan aiki irin su yashi da ruwa. Kana ganin wanda ya iya fitar da casa'in, goman ce za ta gagare shi? An ajiye goman nan ne domin ita ce kaɗai wurin da bazawara mai sayar da ƙosai za ta sa hannu a aljihu, ta zama tana da bakin tambaya. Wanda ya ɗebo yashi kwana uku a amalanke, idan ya ga yaro yana wasa da kan famfo zai tsawata masa. Wanda aka ce masa "Alhaji ya biya, ku zo ku sa hannu" zai wuce abinsa, kuma ba ka da hujjar zarginsa.

Ran da Alhaji ya biya muku, ran nan rijiyar ta tashi daga hannunku. Ban ce mugun mutum ba ne, mai yiwuwa don Allah ya yi. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina aka haƙa rijiyar? Wa ya kawo mai haƙar? Wa ya zama ma'aji? Ka amsa wa kanka waɗannan ukun. Na taɓa zuwa wani gari inda mata suka nemi a kai ruwa bayan gari, wurin da suke tafiyar kusan awa ɗaya da jarka, amma aka dasa tankin a ƙofar gidan wanda ya biya kason, inda akwai rijiya biyu tun da. Da na tambayi dattawa dalili, ba wanda ya ɗaga kai. Wani tsoho ya biyo ni bakin mota ya ce, "Malam, da wane bakin za mu ce a'a?" Maganar nan ba ta bar ni ba har yau. Mutanen rugar da ke gefen garin kuwa ba a ma gaya musu an yi taro ba, sai ga sunayensu a takardar halarta da dangwalen yatsa.

Mu ma'aikatan irin waɗannan shirye-shirye muna da namu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Jami'in da aka ba wa'adin wata uku ya kashe kuɗin zango, in ya ga gari zai ɗauki wata biyar yana tara naira ɗari-ɗari, shi da kansa zai raɗa wa shugaban kwamiti cewa a nemo wani mai hali ya cike giɓin. A ofis ana ƙirga kwamiti nawa aka kafa, mutum nawa suka sa hannu, mata kashi nawa ne. Ba layin da ke tambayar ko matar da aka rubuta a matsayin mataimakiyar ma'aji ta taɓa ganin takardar banki. Sannan ga 'yan ci-da-ceto masu yawo da jaka gari-gari, suna cewa a ba su wani abu su rubuta wa gari tsarin ci gabansa, su kuma "san hanya" a hedikwata. Tsari ɗaya suke kwafa, sunan gari kawai suke canzawa. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya sa garinku a jerin masu amfana, ku kai ƙararsa. Ba a sayen wannan gurbi.

Haka kuma ku daina barin ana yaɗa cewa kuɗin Turawa ne, rabon kowa ne, wanda ya samu ya ci. Akasarin kuɗin irin waɗannan shirye-shirye rance ne mai sauƙin ruwa da gwamnati ta karɓo, kuma daga dukiyar jama'a za a biya, har da ta yaran da ke zaune a ajujuwan nan biyu.

Kuɗin zama ɗan wannan cuta ne. Da aka fara raba ambulan a ƙarshen taro, an koya wa mutane cewa zaman shawarar gari aiki ne da ake biya. Matashin da ya ga an ba 'yan kwamiti kuɗin mota don sun zauna a inuwa, kai kuma ka ce ya fito da shebur cikin rana kyauta, lissafi ya yi, ba lalacewa ya yi ba. Ku yanke tun yanzu, a gaban kowa: taron gari ba ko sisi. Wanda aka aika birni da saƙon kwamiti a biya masa kuɗin motar da ya kashe, a karanta adadin a taro na gaba.

Kada kuma ka ɗauka yawan taro shi kaɗai zai tsare kuɗi. A Indonesiya, masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya bi ayyukan hanya a ƙauyuka sama da 600, har injiniyoyi suka haƙa hanyoyin don auna abin da aka zuba. Inda aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi na gwamnati za su zo, kuɗin da ke ɓacewa ya ragu da kusan kashi 8 cikin ɗari na kuɗin aikin. Inda aka ƙara gayyatar jama'a taro kawai, mutane sun sa ido kan ladan leburanci da zai shiga hannunsu, amma satar kayan aiki ba ta ragu ba. Talaka bai san buhun siminti nawa gini ke ci ba. Ku nemo wanda ya sani, wanda ba ɗan kwamiti ba kuma ba yaron ɗan kwangila ba, ku kuma nemi hukumar ta turo mai binciken kuɗinta, a faɗi ranar zuwansa tun kafin a sa harsashi.

Kafin sabon shirin ya iso, ku fara da famfon da ya mutu. Mutanenku sun ƙi ba da ɗari biyu ne saboda ba a taɓa karanta musu lissafin wancan aikin ba. Ka ɗauko littafin da rasit ɗin duka, ka roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, a karanta komai a ƙofar fadar dagaci, har da abin da ba a san inda ya shiga ba. Za a yi hayaniya, ku daure. Mata a yi musu nasu zaman a cikin gida, wata daga cikinsu da suka yarda da ita ta kawo abin da suka yanke, a kuma aika wa arɗon ruga takanas. Sannan a kira makaniki ya faɗi kuɗin gyara a bainar jama'a, a raba gida-gida, wanda ba shi da kuɗi ya kawo kwanon hatsi ko yinin aiki. Idan kun iya tayar da famfon nan da kanku, kason sabon shirin ma za ku iya.

Shi kuma Alhaji, ku je gidansa ku da dattawa biyu, ku yi masa godiya ta gaske, ku ce ya ba da nasa kason kamar kowane magidanci. Ragowar abin da ya yi niyya, ku roƙe shi ya zuba a asusun gyara mai sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, kuma ba ɗan gidansa a ciki.