Amsoshin Tambayoyinku: Ga Kulle, Ga Azumi, Ga Kuɗi Kaɗan, Me Za a Fara Saya?

Assalamu alaikum. Tun ranar 11 ga Afrilun 2020 da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano, saƙonnin da kuke aiko mini suka sauya kama. Da can tambayar ita ce wace atamfa ce ba ta zuba, ko wane firji ne ya fi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta. Yanzu kowa tambayarsa ɗaya ce: ɗan abin da ya rage a hannu, ina za a sa shi? An rufe gari ranar 16 ga Afrilu, azumi ya kama ranar 24, Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27, a lokacin da nake wannan rubutu kuma, watan Mayun 2020, Litinin da Alhamis kaɗai ake sassautawa, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Ga waɗanda na zaɓa a wannan makon.

Tambaya: Anti, maigidana ɗan adaidaita sahu ne, yau kusan mako uku bai fita ba. Naira dubu goma sha biyu ce ta rage mana, ga yara huɗu. Maƙwabciyata ta ce lallai in nemi man wanke hannu da kulorakwin da ganyen tazargade in ajiye. Ranar Alhamis zan fita kasuwa. Me zan saya? (Wata uwa daga Kurna)

Amsa: Ƙanwata, Allah Ya kawo sauƙi. Ki fara da ciki. Gero ko masara, wake, manja ko man gyaɗa, gishiri, daddawa, kuka da busasshiyar kuɓewa. Waɗannan ba sa lalacewa a zafin nan, kuma gero shi kaɗai zai ba ki kunun buɗa-baki da tuwon sahur. Ki ware kuɗin mai garuwa tun kafin ki fita, ki ƙulle shi daban a bakin zani, domin duk maganar tsaftar nan idan babu ruwa a randa ta tashi a banza.

Bayan abinci sai sabulu, kuma sabulun wanki na sanda ma ya isa. Ƙwayar cutar nan tana lulluɓe ne da wani ɗan maiƙo, sabulu kuwa aikinsa ke nan, narkar da maiƙo. A cuɗa hannu da kumfa na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, an gama da ita. Man wanke hannu an yi shi ne don wanda ke waje, inda babu ruwa kusa, kuma sai sinadarin barasar da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin 100 yake aiki. Wanda ake ɗurawa a kwalba babu takardar komai a jiki, ba ki san me ke ciki ba. Ki ajiye buta da sabulu a bakin zaure, duk wanda ya shigo ya wanke hannu kafin ya taɓa kofi.

Kulorakwin kuwa, don Allah kada ki kusance shi. Tun da Shugaba Trump na Amurka ya ambace shi a watan Maris mutane suka yi masa caa, kuma a cikin watan na Maris hukumomin lafiya a Legas suka sanar an kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha fiye da ƙima. Magani ne da ke taɓa bugun zuciya, ƙwayoyi kaɗan za su iya halaka ƙaramin yaro idan ya tsince su a kan gado. Tazargade kuma sunansa ya tashi ne bayan shugaban Madagaska ya fito da wani tsimi da aka haɗa da shi a watan Afrilu, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an gwada shi an ga sakamako tukuna. Mai naira dubu goma sha biyu da yara huɗu ba ta da kuɗin gwaji. Ki rubuta abin da za ki saya, ki tafi ke kaɗai ba goyo, ki sa takunkumi, ki dawo da wuri kafin kasuwa ta cushe.

Tambaya: Anti, an tabbatar wani abokin kasuwancin mijina ya kamu, kuma kwana uku kafin nan sun ci abinci kwano ɗaya. An ce mijina ya killace kansa kwana 14. Gidan haya muke, ciki da falo, banɗaki ɗaya muke shiga da maƙwabta. Mahaifiyarsa tana tare da mu, tana da hawan jini da ciwon suga. Yaya za mu yi, me zan tanada? Kuma ina tsoron unguwa ta ji a guje mu. (Wata matar aure daga Dorayi)

Amsa: 'Yar'uwa, saƙonki na karanta shi sau uku, domin halin da kike ciki shi ne halin gidaje da yawa, kuma shawarar da ake bayarwa a rediyo kamar an yi ta ne don mai gidan sama da banɗaki a kowane ɗaki. Amma ana iyawa a ciki da falo ma.

Mu fara da Hajiya, mahaifiyar maigida, don ita ce abin ji. Cutar nan ta fi yi wa tsofaffi illa, musamman masu hawan jini da suga, kuma duk mai zuwa jana'iza a Kano a makonnin nan ya san yawancin waɗanda muke rasawa dattawa ne. Da a ce za ta koma gidan wani ɗanta, to a can ma sai an ba ta ɗakinta ita kaɗai na tsawon kwanakin, domin ta riga ta zauna da shi. Idan babu hali, ta zauna a falo tare da ku, amma ko da wasa kada ta leƙa ɗakinsa. Na san wannan zai yi mata ciwo, uwa ce. Ki zauna ki lallashe ta, ki ce mata shi ma hankalinsa ba zai kwanta ba sai ta nisance shi. Kuma kuɗin farko da za ki kashe, maganinta ne na wata guda cif. Kada ta daina shan maganin hawan jini ko na suga don an kulle gari. Wannan ya fi duk wani abin da zan lissafa miki a ƙasa muhimmanci.

Shi kuma maigida ya ɗauki uwar ɗaki shi kaɗai. A buɗe taga dare da rana, a rufe ƙofar da ta haɗa da falo. Ki ware masa kwanonsa, cokali, kofi, buta, tawul da darduma. Ba sai kin sayi sababbi ba, ki ɗaura wa nasa zare ko ki ɗiga musu jan farce don yara su gane. Ke kaɗai za ki riƙa yi masa hidima, da takunkumi a fuskarki, shi ma da nasa idan zai fito. Wata 'yar'uwata da ta yi wannan jinyar, kujera 'yar tsugunno ta ajiye a bakin ƙofa. Idan an kira magariba sai ta ɗora masa kunu da dabino a kai, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya. Idan ya gama ya saka kwanon a bokitin ruwan omo da ke gefe. Ƙaramar 'yarsu ta ƙi cin abinci kwana biyu don ba ta ga babanta ba, sai suka koma kiransa a waya daga falo, bango ɗaya tsakaninsu, yana yi mata tatsuniya har ta yi barci. Saboda haka ki sa katin waya a lissafinki. Zaman kaɗaici yana cin mutum, musamman namijin da ya saba wuni a kasuwa.

Banɗaki shi ne wurin da ya fi wuya. Ki sayi Jik ko Hypo. Ki duba jikinsa, idan an rubuta kashi 3.5 cikin 100, sai ki zuba babban cokali biyu a lita ɗaya ta ruwa, wato leda biyu ta fiya wata. Da shi za a goge mariƙin ƙofa, famfo da bakin masai duk sanda ya shiga ya fito. A haɗa sabo kullum, kada a gauraya shi da wani abin wanki, kada a sha, kada a shafa a jiki, a kuma ɗaga shi sama inda hannun yaro ba zai kai ba. Idan ya samu hali ya riƙa shiga bayan kowa ya gama, ya fi.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki, ƙaramin nan da ake sawa a hammata. Kada ki biye wa mai kama da bindiga da ake haskawa a goshi, yana da tsada, kuma a zafin Kano na yanzu ba abin dogaro ba ne. A auna safe da yamma, a rubuta a takarda. Idan ya kai 38, ko tari ya fara, ko ya daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ki kira lambobin da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) da ma'aikatar lafiya ta jiha ke sanarwa. Idan ba a ɗauka ba ki sake kira, ki yi ta kira. Farasitamol ya isa don sauke zazzaɓi, amma kada babba ya wuce giram 4 cikin awa 24. Idan kuwa numfashi ya fara yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara ruɗewa, babu sauran jira a gida. Kuma idan zazzaɓi ya zo, ya ajiye azumi ya sha ruwa sosai. Allah da Kansa Ya yi wa marar lafiya rangwame a Suratul Baƙara, sai ya rama daga baya.

Maganar maƙwabta, ra'ayina ki gaya wa waɗanda kuke shiga banɗaki ɗaya. Haƙƙinsu ne, su ma suna da tsofaffi. Ki samu babbar macen gidan ki yi mata bayani a natse: ba a ce ya kamu ba, kiyayewa yake yi. Wanda ya killace kansa umarnin Annabi (SAW) yake bi, da ya ce idan annoba ta faɗa wa ƙasa kuna cikinta kada ku fita, idan kuna waje kada ku shiga. Wasu za su ja baya, ba zan ɓoye miki ba. Amma idan suka ji daga bakin wani, abin zai fi muni.

Tambaya: Hajiya, ina sana'ar POS. Wani ya kawo mini takunkumin N95 da tsada, ya ce na yadi wasan yara ne. In saya? (Wani matashi daga Hotoro)

Amsa: Ɗana, bar wa likitoci da nas-nas N95, su ne ke tsaye a kan marasa lafiya, kuma jabunsa ya yi yawa. Ka sa tela ya ɗinka maka guda uku na yadin auduga mai ninki biyu ko uku, wanda zai rufe hanci har haɓa. Kullum ka wanke wanda ka sa da sabulu, ka shanya a rana, ka goge. Kai ne ma ya kamata ka sayi man wanke hannu mai kyau, tun da wuni kake kana karɓar kati da kuɗi. Ka ja igiya a gaban teburinka don kada a yi maka rumfa a ka.

Tambaya: Anti, ina da ɗan shago a Kantin Kwari, jarina yana ta narkewa. Na ji ana ba da bashin korona. Kuma an turo mini saƙo a WhatsApp cewa in sa lambar BVN da lambar katina a ba ni tallafin naira dubu ashirin. Gaskiya ne? (Wani ɗan kasuwa daga Fagge)

Amsa: Malam, abu biyu ne ka haɗa, ɗaya gaskiya, ɗaya tarko. Bashin akwai shi. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 a watan Maris na 2020, don a bayar ta bankin NIRSAL, magidanci har naira miliyan 3, ƙananan masana'antu har miliyan 25. Sai dai akwai kuɗin ruwa, da kashi 5 cikin 100 aka fara bayarwa a 2020. Hukuncin wannan ka kai wa malaminka kafin ka cike komai. Ni abin da zan ce maka ta fuskar kasuwa shi ne bashi ne, ba kyauta ba, za a biyo ka. Idan za ka ci ne ka zuba a cefane alhali shago a rufe, ranar biya za ta zo babu jari babu riba. Gara ka karya farashin kayan da suka daɗe a kanta ka sayar ta waya, ka kuma kira wanda kake sara a wurinsa tun yanzu ku daidaita lokacin biya.

Saƙon WhatsApp kuwa na ɓarayi ne. Naira dubu ashirin da gwamnatin tarayya ta raba a 2020 ta waɗanda sunayensu ke cikin rijistar marasa galihu ce tun kafin annoba, ba a shiga ta hanyar danna wani abu a waya. Babu bankin da zai tambaye ka lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes. Idan ka riga ka tura, ka kira bankinka yau a rufe katin.

Tambaya: Anti, ni ce uwar adashi, mu goma sha biyu ne. Biyar sun kasa zubi tun da aka kulle gari, ga wadda ɗauka ya zo kanta tana jira, ta ce kayan Sallar yara za ta yi. In cika daga aljihuna? (Wata uwar adashi daga Gwammaja)

Amsa: Yaya, kada ki cika daga aljihunki, domin wata mai zuwa ma haka za a yi, kuma ba ki san ranar buɗe gari ba. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, ki fito musu da littafin zubi, ki ba su zaɓi biyu: ko a dakatar da adashin gaba ɗaya har a koma kasuwa, jerin ɗauka yana nan yadda yake, ko a rage zubin zuwa rabi kowa ya iya. Waɗanda suka riga suka ɗauka kuma suka kasa zubi, a rubuta abin da ake bin su, su amsa da bakinsu a gaban shaidu biyu ko ta saƙon murya, a yi musu jinkiri kamar yadda Alƙur'ani ya yi umarni ga wanda ke cikin ƙunci. Ita kuma mai ɗauka ki ba ta abin da ya taru a hannunki yanzu, ki faɗa mata adadin da ya rage da sunayen waɗanda za su cika. Ki kuma ba ta shawara a matsayinki na babba, ta fara sayen hatsi da shi, yaran a wanke musu kayan bara a goge, idan an buɗe Kwari sai a yi musu ɗinkin Babbar Sallah.