Jan ƙaramar mota a bayan mota mai ɗaki

Malam, ka ce ka sayi mota mai ɗakin kwana a Amurka, kana son jan ƙaramar motarka a bayanta. Fara duba littafin ƙaramar motar. Yawancin masu giya otomatik ba a jansu da tayoyi huɗu a ƙasa, domin in inji yana kashe, man giya ba ya zagayawa, sai giyabos ya ƙone. Jeep Wrangler tana jurewa, shi ya sa ake yawan ganinta a baya.

In tayoyin gaba ne ke jan taka, ɗora su kan 'yar tirela mai taya biyu. Ni dai wannan zan zaɓa. Amma don Allah kada ka yi ribas a haɗe, kuma ka sa wa abin da kake ja birki na daban, jihohi da yawa sun wajabta shi.