Abin da ya sa muke tafiya da jaka ɗaya

Hajiya, kin tambaya ko talauci ne yake sa mu Hausawan Sudan mu sauka Kano ko Jidda da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa, ko kuwa zama da Larabawa ne ya kashe mana son kaya. Raina bai ɓaci ba, sai dai ƙarshen tambayar ya ɗan sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Zan faɗa miki yadda abin yake a gidanmu nan Gadarif, mutanen Kassala da Damazin kuma su faɗi nasu.

Ƙafa ce ta kawo mu ƙasar nan. Wasu sun iso bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, kusa da Sinnar. Namu kakannin ba sa cikin wannan ayari. Alhazan ƙasa ne, daga wajen Haɗeja suka taso da niyyar Makka, suka bi ta Barno, Abashe, Junaina, Fashir, har Ubayyid inda mai kuɗin tikiti yake hawa jirgin ƙasa. Tafiyar shekaru ce. In guzuri ya ƙare, a tsaya a yi damina a gonar wani, a tara abin da aka tara, a ƙara gaba. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, da yawa suka tsaya tsintar auduga don haɗa kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Sai aure, sai haihuwa, sai ga mu.

Kakata ta wajen uba takan lissafa mana abin da suka iso da shi, ba ta taɓa sauya jerin ba: tabarma, buta, salkar ruwa, ƙwarya biyu ɗaya cikin ɗaya, ƙaramar tukunya, ƙullin kuka da kanwa, allura da zare, zani na jiki da na canji. Kakanmu kuma gafakar Alƙur'ani da zabirarsa, don wanzami ne. Can ƙasan kaya akwai farin yadi na likkafani wanda ba mai taɓawa. Da tasoshin aurenta ta baro gida, amma da jakinsu ya mutu a ƙasar Wadai ta dinga sayar da su ɗaya bayan ɗaya, tana kuka tana karɓar gero. Zabirar nan ce ta ciyar da su har bakin kogi, domin ba garin da za ka shiga ka rasa kan da za a aske ko bayan da za a yi wa ƙaho.

Makkar ta je ta dawo, jikoki suka cika gida, amma har ta koma ga Allah ba ta yarda an shigar mata da kabad ɗaki ba. Akwatin ƙarfe ɗaya gare ta a ƙarƙashin gadon igiya. In babanmu ya matsa, sai ta ce, "To in an tashi wa zai ɗauka?" Mukan yi dariya, don mu ba mu ga inda za a tashi a je ba.

Ni yau in zan yi tafiya, laffaya ce rabin shirina, mu tob muke ce mata. Tsawonta ya haura mita 4, amma in kika naɗe ta tsaf tana shiga lungun jaka. Da ita za ki yi salla, ki lulluɓa a mota in sanyin asuba ya sauko, ki kare ƙura, ki goya yaro in ta kama. Ɗaya a jiki, ɗaya a jaka, ta uku in biki za ni. Sai 'yar kwalbar humra, soson wanka, magani, da takardu a jakar fata da ake ratayawa ta cikin riga. Abin da mace ta mallaka kuwa yana wuyan hannunta, gwal ne, ba ya neman ɗan dako. Ku kuma Allah ya huwace muku bakko. Na ga Hajiyoyinku a filin jirgi sun baje kaya a ƙasa ana ciro atamfa don akwati ya dawo kilo 23, ma'aikaci yana tsaye, layi yana tsaki.

Kada ki ɗauka yabon kai ne. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, daga baya ya ci Madani a Disamba, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, mutanen da suka kwararo Gadarif kowa da ƙullinsa ɗaya ya zo, Bahaushe da Balarabe da kowa. Gwal ɗin ma an ƙwace wa mata da yawa a hanya. Abin da kawai na lura, tsofaffinmu ba su daɗe suna juyayin gado da firij ba. Tambayarsu ɗaya ce, yara sun cika?

Sai batun zama da Larabawa. Eh, muna auratayya da su, ba kamar yadda kuke zato ba, amma ana yi. Matar ƙanena 'yar Shandi ce. 'Ya'yansu da Larabci suka fara magana, Hausa sai a ɗakin Inna, kuma in ta kira su da sunan kakanni amsawa suke. Matar tana tuƙa tuwo, mu muna yin kisra, siririyar wainar dawa ta mutanen nan, ba wanda ya mutu. Ku a Kano Bahaushe ya auri Bafillatana ko Babarbariya, ko Bayarabiya ma, ba mai cewa ya fita daga Hausa, 'ya'yanku kuma rabin zancensu Turanci ne. Lefe dai ba mu jera akwati shida, gaskiya ne. Shaila muke yi irin ta mutanen nan, tob da takalma da turare da kayan abinci, kuma ki yarda da ni ita ma tana sa ango ramewa. Humra da dilkar da kuke gyara amare da su, ki bincika ta wace hanya suka iso muku. Mu ma mun ba su namu: duk inda kika ji ƙamshin agashe da yamma a garuruwan Sudan, tsire ne da ƙuli, kuma sau da yawa Bahaushe ne a bakin wutar.

Abin da yake mana ciwo, a Yulin 2022 da rikici ya tashi a wajen Damazin da Rusairis aka kashe mutane aka ƙone gidaje, maganar da aka riƙa jifan mu da ita ita ce mu baƙi ne, mu koma inda muka fito, mu da kaburburan kakanninmu suke nan. Sai mu zo wajenku a ji harshenmu ya ɗan karkata, a ce ga Balarabiya ta zo.

Wuri ɗaya muke karya dokar kaka. Daddawar da muke samu nan yawanci ta batso ce, ta 'ya'yan yakuwa, ita kuwa ta kalwa sai an yi sa'a. Duk wanda ya je Kano a cikinmu, jakar da ta tafi ba nauyi takan dawo a cike da ita, an naɗe a leda kan leda saboda masu binciken kaya, kuma kafin ya huta maƙwabta sun fara aiko yara da kwano.