Amsa: askar da ta faɗi bakinta ya ɓantare

Sannu ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye gaba. Ka ce askarka ta suɓuce ta faɗi a kan siminti, bakin ya yi giɓi, kana tambaya ko za ta gyaru.

Fara duba ta a haske. In tsaga ce ta haura cikin ƙarfen, haƙura, wannan ta gama aiki. In giɓi ne kawai, da sauƙi.

Samu dutsen washi mai lamba 1000 (lambar tana nuna kaushin dutse ne, in ta ƙaru kaushin ya ragu), ka jiƙa shi, ka manna salatif a gadon bayan askar don kada dutse ya cinye shi. Kwantar da ita, ka riƙa ja kaifi na gaba, ɓangare biyu daidai wa daida. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dage kan wurin giɓin kaɗai, sai baki ya lotsa a tsakiya. Dukan tsawon bakin za ka ci har giɓin ya ɓace, kuma salatif ɗin in ya suɗe ka sake wani. Aikin akwai cin rai, kada ka danna da ƙarfi.

Injin washi kuwa, kul! Zafinsa yana kashe taurin ƙarfe.

Bayan giɓin ya ɓace sai ka koma dutse mai lamba 4000, sai mai 8000, sannan ka goga ta a kan fatar washi. Gwada a gashin hannunka kafin ka kai ta fuska.