Yadda ake leƙen daji kafin farauta

Malam, kana tambayar yadda za ka gane inda manyan namun daji suke tun kafin ka taso daga Kano. Fara da ruwa. Da rani tafkuna sun ƙafe, namun daji irin su gadu sukan zo 'yan wuraren da suka rage, to ka je da sassafe ka duba sawu a taɓo da kashin da suka yi, in ɗanye ne ba su daɗe da wucewa ba. Kar ka shiga daji iska na bayanka, wallahi warinka zai riga ka isa. Falgore da Yankari kuwa an hana farauta. Nemi Sarkin Bakan yankin, wato shugaban mafarauta, shi ya san dajin da halin tsaro, batun lasisi kuma sai ma'aikatan gandun daji.