Shanu sun yi araha a Saskatchewan saboda fari, in saya?

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ƙaramin gari a kudancin Saskatchewan ta ƙasar Kanada. Bana ruwa ya yi ƙaranci, makiyayan da ke kewaye da mu suna ta kai shanu kasuwa. Ni da abokina muna son mu haɗa kuɗi mu sayi shanu mata goma, mu yi hayar fili. Me ka gani?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka tambayi kuɗin saniya, tambayi kuɗin damin busasshiyar ciyawa. Mutumin da ya gaji kiwo tun kaka da kakanni ba ya rabuwa da saniya mai haihuwa don marmari. Ya yi lissafin abin da za ta ci ne, ya ga ba zai kai ba. A can hunturu na rufe makiyaya da ƙanƙara wata biyar zuwa shida, duk abin da dabba za ta ci a wannan tsakanin sai wanda aka yanka aka adana tun rani. Shekarar fari kuwa ciyawar ba ta tashi, wadda ta samu kuma sai a yi ta rububinta.

An ga haka a 2021. Alkamar Kanada ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100, ciyawa ta yi tsadar da har manoman gabashin ƙasar suka riƙa loda ta a manyan motoci suna aika wa 'yan'uwansu na yamma, masu kiwon turke a lardin Alberta mai maƙwabtaka da ku kuma suka koma sayo masara daga Amurka saboda sha'ir ya yi ƙaranci. Gwamnati ta tallafa da kuɗin da ya kai dalar Kanada 200 a kan kowace saniya mai haihuwa, duk da haka garke ya ragu. Inda kake ma yana cikin yankin da ake kira Palliser's Triangle, wanda tun fil azal ya fi ko'ina bushewa a filayen noma da kiwo na yammacin Kanada.

Sai maganar ruwa, wadda sababbin shiga suka fi mantawa. Yawancin filayen kiwo sun dogara ne da tafkin da aka haƙa, wanda narkewar ƙanƙara ke cikawa. Idan ya ja baya, gishirin da ke cikinsa sai ya yi yawa, ruwan ga shi a ido garau amma yana iya kashe saniya. Kada ka sa hannu a takardar haya sai an gwada ruwan. Haka nan idan wani ya yi maka tayin hatsin da fari ya ƙona aka yanka don dabbobi, a gwada shi, don irin wannan shukar takan tara sinadarin naitiret mai guba.

Gaskiya ne waɗanda suka iya riƙe shanunsu bayan 2021 sun ci riba, don farashi ya tashi sosai a shekarun da suka biyo baya. Amma masu rumbu ne suka riƙe. Araha ba ta ado. In ka samu ciyawar hunturu gaba ɗaya a hannu, ka biya kuɗinta, to ka sayi shanun. In ba haka ba, fara da uku ko huɗu, ko ka jira.

Tambaya: Ina da gidan burodi a Kano. An ce fari ya sauka a Kanada, in tara fulawa tun yanzu?

Amsa: Hajiya, a'a. Nijeriya na sayen alkama daga Kanada, amma tana saye daga wasu ƙasashen ma, kuma canjin dala ya fi saurin taɓa buhun fulawa a kasuwar Singa fiye da ruwan saman Saskatchewan. Alkamar da fari ya fi girgiza kasuwarta ita ce mai tauri da ake yin taliya da ita, wadda Kanada ke kan gaba wajen fitarwa, kuma a 2021 ta ragu da fiye da rabi. Fulawa ba ta son daɗewa a zafi, ƙwari za su shiga, jarinki kuma ya kwanta. Ki sayi ta sati biyu ko uku, ki ɗora buhunan a kan katako nesa da bango.